Yadda ake tada tsohon jirgin Jodel na katako har ya koma sama

Ranar farko da na ga Jodel D.112 an yaye masa riga a cikin rumfar jirage a wani ƙaramin filin jirgi a nan Faransa, wallahi dariya na yi, nace wai wannan kejin kajin ne mutum biyu zasu shiga su tashi sama? Katako ne zalla, sirara sirara kamar karan dawa, an manna su da gam, an lulluɓe da yadi. Tsohon da yake jagorantar aikin bai ce min komai ba, kawai tocila ya miƙo min da ɗan madubi mai doguwar sanda irin na likitan haƙori yace in leƙa can cikin jelar in faɗa masa abun da na gani. Daga wannan leƙen aka fara, kuma har yau in an tambaye ni yaya ake gyaran irin wannan jirgin sai nace rabin aikin leƙe ne. To ga yadda ake bi, ga wanda yake sha'awa ko yake tunanin shiga irin aikin.

Ka fara sanin waye shi

Sunan Jodel haɗi ne na sunan mutum biyu, Édouard Joly da surukinsa Jean Délémontez, aka ɗauki Jo aka ɗauki Del. A garin Beaune suka kafa kamfaninsu a 1946, yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, ƙasa babu kuɗi babu kayan aiki. Jirginsu na farko D.9 wanda ake kira Bébé, wato jariri, mutum ɗaya yake ɗauka, ya tashi a watan Janairun 1948. Da kulob kulob na koyon tuƙi suka buƙaci jirgi mai araha wanda malami da ɗalibi zasu zauna kafaɗa da kafaɗa sai suka faɗaɗa shi ya zama D.11 a 1950. D.112 kuwa shine D.11 ɗin da aka ɗora wa injin Continental A65 na Amurka mai ƙarfin doki 65, irin injin da yake kan Piper Cub.

Abun da ya kamata ka riƙe a nan shine su Jodel yawanci zane suke sayarwa, wasu ne suke ƙerawa. Kamfanin Wassmer a Issoire ya ƙera, SAN a Bernay ya ƙera irinsu D.117, sannan ga ɗaruruwan mutane da suka sayi zanen suka haɗa nasu a garejin gida. Pierre Robin ma daga wannan tsatson ya taso a Dijon a 1957, kuma DR400 ɗinsa da ya fara tashi a 1972 har gobe shi ake koya wa yara tuƙi da shi a yawancin kulob na Faransa, da irin wannan fiffiken mai lanƙwasa. Saboda haka jirage biyu zasu iya amsa suna D.112 amma hannun da ya yi su daban, gam daban, katako daban, kuma kai mai gyara dole ka san wanne ne a gabanka.

Fiffiken nan shine tambarin gidan. Daga jikin jirgi yana fita a miƙe, sai can wajen ƙarshe ya karye ya ɗaga sama kamar na shaho, kuma ƙarshen a ɗan murɗe yake ya sunkuyar da hanci. Ba ado bane. In jirgi yana gudu tsakiyar ce take ɗaukar nauyi, shi ƙarshen fiffiken kuma baya jan iska sosai, in kuma an rage gudu za'a sauka bakin ne yake riƙewa har ƙarshe don kar jirgi ya zame ta gefe ɗaya. Shi yasa da ɗan injin doki 65 yake yin wajen kilomita 150 a awa yana shan mai wajen lita 15. Na faɗi wannan ne don in ka zo gyara kar ka ga murɗewar kace ai tsufa ne ya lanƙwasa shi bari in miƙe, an taɓa samun mai wannan tunanin.

Takardu kafin sukudireba

Kar ka kwance ko noti ɗaya sai ka zauna da littattafan jirgin, akwai na jiki akwai na inji. Yaushe aka ƙera shi, waye ya ƙera, awa nawa ya yi a sama, yaushe aka canza masa yadi na ƙarshe, ya taɓa mummunar sauka ko farfela ta taɓa dukan ƙasa. In ka ga shekaru sun wuce babu rubutu ko ɗaya to tambayar ita ce a ina ya kwana duk tsawon lokacin, a rumfa ko a waje cikin ruwan sama. Jirgin da littafinsa ya ɓata ko a kyauta aka baka ka yi tunani sau biyu, araha bata ado.

A Faransa lambar da take jikin jirgin ma tana baka labari. Wanda aka haɗa a gida lambarsa tana farawa da F-P, jiragen tarihi na ajiya kuma F-AZ, kuma kowane rukuni da dokarsa kan waye zai iya taɓa shi da waye zai sa hannu. Hukumar DGAC mai kula da harkar jiragen sama ta Faransa ce uwa, OSAC ce take turo masu duba lafiyar jirgi, ƙungiyar RSA ta masu haɗa jirgi da kansu kuma a nan zaka samu tsofaffin hannu. A Ingila inda Jodel suke da yawa ƙungiyar LAA ce take wannan aikin. Ka nemi mai dubawa tun ranar farko, ba sai ka rufe komai ka yi fenti ba sannan yace buɗe min in gani. Sannan ka nemi asalin zanen jirgin, gidan tarihin jirage na Angers yana da tarin takardun ƙananan jirage masu yawa, kuma su ma gyaran suke yi da hannunsu.

Yaye rigar

Ka ɗauki hoto, ka ƙara ɗauka, duk abun da zaka cire ka ɗauke shi kafin ka taɓa. Kowane noti da wasa, wato ɗan zoben ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti, a leda daban da rubutu a jiki, don aikin nan shekara biyu uku yake ci in ƙarshen mako kawai kake samu, kuma ba zaka tuna ba. A zuke mai daga tanki, a sauke farfela da inji, a cire jela, sannan a ɗaga gangar jikin daga kan fiffike. Fiffiken Jodel guda ɗaya ne daga wannan bakin zuwa wancan, mita 8 da ɗan ɗoriya, baya rabuwa biyu, don haka ka tanadi fili da mutane huɗu biyar da jakuna masu taushi da za'a ɗora shi. Yadin ka yanka shi da reza a hankali kar ka yagi katako, kuma kar ka zubar da tsohon yadin da wuri, shi zai nuna maka inda ɗinki yake da inda ramuka suke.

Ruwa da gam, nan ne maganar take

Jirgin katako ba shekaru ne suke kashe shi ba, ruwa ne. Katakon da yake a bushe, danshinsa wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100, zai iya fin mai shi tsawon rai. Da zarar danshi ya haura kashi 20 ya zauna to ruɓa ta samu gida. Sai ka tambayi kanka in ni ruwa ne ina zan kwanta a jirgin nan? Jodel a ƙasa jelarsa ce a ƙasa hancinsa a sama, don haka duk ruwan da ya shiga ta murfin gilashin wajen zama ko ta takalmin matuƙi gangarawa yake ya taru can baya kusa da ƙaramar tayar jela. Nan zaka fara. Sai ƙarƙashin kujera, sai bakin fiffike na baya inda ramukan zubar ruwa suke toshewa da laka ko fenti, sai inda ake takawa a hau.

Hanci ma kayan aiki ne, ka shinshina, wajen da ya ruɓe yana warin rumbun da ruwa ya shiga. Katako mai lafiya fari ne ko ruwan zuma, in ka ga toka toka ko baƙi ka sa tsinin wuƙa ka ɗan ɓanɓaro. Mai lafiya dogon sili yake bayarwa, ruɓaɓɓe kuwa gutsurewa yake kamar busasshen burodi. Ka ƙwanƙwasa filawud da ɗan abu mara nauyi, inda ya manne ƙara take fita tsaf, inda ya saki sai kaji fanko. Kar ka manta da ɓeraye, suna son cikin fiffike sosai, su ci zaren ɗinki su yi sheƙa, fitsarinsu kuma yana cin katako da ƙarfe duka. Can gaba kusa da inji kuma baƙin mai ne yake jiƙa katako, kuma katakon da ya sha mai gam baya sake kama shi, sai dai a canza.

Gam ɗin shine abun da yafi ban tsoro don baya nuna kansa. Tsofaffin jirage an haɗa wasu da gam ɗin kasin wanda daga madara ake yinsa, yana da ƙarfi amma in ya sha ruwa yana lalacewa. Wasu kuma da gam ɗin yuriya, wanda zafi da danshi suke sa shi ya bushe ya zama kamar garin gilashi, kana ganin haɗin lafiya lau a ido amma in ka ɗan tura da babban yatsa sai ya ɓalle ɗas. Kowane ɗan kusurwa na filawud a kan haƙarƙarin fiffike sai ka taɓa shi, kuma ɗaruruwa ne, babu gajeriyar hanya. Ka sa siririn ƙarfen awon fulogi a bakin haɗi, in ya shige to gam ya mutu. Mu a namu mun samu wajen da wani can a baya ya gyara da gam ɗin kafintan kujera, ya shafe da banish ya rufe, littafi bai ce komai ba. Tsohon namu ya daɗe yana kallon wajen yana girgiza kai.

Sai babban ginshiƙin fiffike, Faransawa suna ce masa lonjeron. Akwati ne dogo na katako da filawud da ya ratsa fiffiken gaba ɗaya, shi yake ɗauke da jirgin a sama, kuma a jikinsa aka ɗaure ƙafafun sauka. Wato duk wata muguwar sauka da ɗalibai suka yi tun shekarun 1950 shi ya sha ta. Abun da kake nema a nan wani irin karaya ne da baya buɗe baki, zaren katakon ne yake tanƙwarewa a ciki saboda matsi, a waje sai dai ka ga ɗan siririn layi kamar gashi ya gitta katakon. Ba'a ganinsa da hasken rana kai tsaye, sai ka kashe fitila ka kwantar da tocila a jikin katakon haske ya bi ta gefe. In ka same shi to wannan wajen ya gama aiki ko da kuwa ya yi kyau kamar sabo. Cikin akwatin kuma da ƴar kyamara mai waya ake leƙawa, amma kar ka huda ginshiƙi da ra'ayinka, sai inda zane ko mai dubawa ya yarda. Ka zare kusoshin ƙafafun ka duba tsatsa, ka duba ko ramin ya zama ƙwai, ko katakon ya lotsa a ƙarƙashin wasa saboda wani ya ɗaure da ƙarfin tsiya.

Gaskiya a nan ne ake yanke hukunci. In ginshiƙi ya tafi, sabon fiffike kenan, aikin shekara guda ko fiye, kuma da yawa a nan suke ajiye aikin. Shi yasa nake cewa kar ka kashe ko sisi a kan inji ko rediyo sai ka san lafiyar ginshiƙi.

Ɗinke katako

Ba kowane katako ba. Ana amfani da sifurus ko fain na Oregon wanda aka tantance don jirgi, zarensa a miƙe, kar ya kauce fiye da 1 cikin 15, zoben shekara aƙalla 6 a kowane inci, babu ƙulli. Filawud ɗin kuma yawanci na itacen okume ne, wanda daga dazukan Gabon yake zuwa, don haka fatar jirgin nan ta Faransa asalinta ƴar Afirka ce, sai wuraren da ake son ƙarin ƙarfi a sa na itacen bash, wato birch a turance. Ka sa irin kaurin da zane ya ce kuma zaren ya kalli inda na asali ya kalla. Kar kace bari in ƙara kauri don ya fi ƙarfi, nauyi kake ƙarawa, kuma wajen da yafi maƙwabcinsa tauri shi yake sa maƙwabcin ya karye.

Ba'a haɗa katako baki da baki. Ana fere kowanne ne a karkace kamar yadda ake fere alƙalamin kara, su hau juna. A filawud tsawon ferewar sau 12 na kaurin, a ginshiƙi da manyan sanduna sau 15. Wato filawud mai kaurin milimita 2 ferewar milimita 24 kenan, kuma in ka fere daidai zaka ga layukan filawud ɗin sun fito a jere kamar an ja su da rula, in sun yi kwana kwana hannunka bai daidaita ba, sake. Ka koya a kan gutsattsari har sai ka gaji kafin ka taɓa jirgin. Fuskar da za'a manna a bar ta yadda kaifi ya yanke ta, a tsabtace, kar a taɓa da hannu mai maiƙo.

Gam na yanzu ko resosinol mai barin jan layi mai duhu, ko efoksi da aka amince da shi. Resosinol baya tsoron ruwa amma yana da tsiwa, yana son haɗi ya zauna cif babu rata, yana son matsi, kuma baya son sanyi, a hunturun nan sai mun kunna hita mun rufe wajen da tanti. Efoksi yafi haƙuri da ƴar rata amma awon haɗinsa ba wasa. Ko wanne ka ɗauka, duk kwaɓin da ka yi ka manna wasu gutsattsari biyu da shi ka rubuta kwanan wata, in ya bushe ka fasa da guduma. Katakon ne ya kamata ya yage, in layin gam ne ya rabu fes to duk abun da ka manna da wannan kwaɓin sai an sake. Bayan nan a shafe ko'ina da banish ciki da waje banda inda za'a sake sa gam, kuma banish ɗin ya zama wanda gam ɗin yadi ba zai narkar da shi ba.

Ƙarafa basu da yawa, ka wanke ka duba tsagewa musamman wajen walda a kan mazaunin inji. Wayoyin da suke jan jela da fukafukai ka bi su da tsumma, in ya maƙale to sili ya tsinke, kuma ni shawarata tunda jirgi a buɗe yake ka canza su duka. Ƙafafun Jodel robobi ne a jere a ciki suke shanye duka, in sun tsufa sun ƙandare ginshiƙi ne yake shan wahalar, canza su. Tankin mai a gwada shi ko yana yoyo tun yana waje, tiyo duka sabo.

Sabuwar riga

Da can auduga ko lilin ake sawa, ana shafa musu wani ruwa mai suna dof su ɗaure kamar fatar kalangu. Yanzu kusan kowa foliyesta yake sawa, irinsu Ceconite, Poly-Fiber, Diatex, ko Oratex wanda yake zuwa da launinsa. Dokar ɗaya ce, ka ɗauki tsarin kamfani ɗaya ka bi littafinsa daga gam har fenti, kar ka gauraya. Mai dubawa ya zo ya ga katako tsirara ya sa hannu tukunna, sannan a rufe.

Ana manna yadin a gefe gefe da ɗan sako sako, sai a ɗauko dutsen guga, eh dutsen guga na kaya, amma wanda aka auna zafinsa da ma'auni aka yi masa alama. A fara a wajen digiri 120 a bi ko'ina, yadin yana tsukewa a gabanka gwanin sha'awa, sannan a ƙara zafi kaɗan kaɗan zuwa inda littafin ya tsaya. Kar ka yi amfani da bindigar iska mai zafi don baka san zafin da take bayarwa ba, in ya wuce kima yadin sakewa yake har abada. Kuma foliyesta yana da ƙarfin ja, in ka matsa masa a kan siririn katako kamar bakin fiffike na baya zai lanƙwasa shi. Bayan guga sai ɗinki, doguwar allura ana ɗaure yadi da kowane haƙarƙari ƙulli bayan ƙulli, mutum biyu ɗaya ta nan ɗaya ta can suna miƙa wa juna, kwana da kwanaki. A nan ne ake hira, duk labarin Jodel da na sani a bakin allurar nan na ji shi.

A rufe ɗinkin da tef na yadi, a buɗe ramukan zubar ruwa a kowane lungu na ƙasa, kar ka yi rowar su. Sai shafi mai garin alminiyon, launin azurfa, wanda yake tare hasken rana don rana ce take cinye foliyesta. Ka sa fitila a cikin fiffike, in haske ya fito ta yadin shafin bai isa ba. Dof na naitiret yana kama wuta kamar fetur kuma tururinsa yana bugarwa, a buɗe ƙofofi a sa abun rufe hanci na gaske, kuma kar a fesa ranar da iska take da danshi don zai yi fari fari. Fenti kuwa kaɗan, kowa yana son jirginsa ya yi ƙyalli kamar motar ango amma kowane shafi kilo ne, kuma doki 65 ne kawai zasu ɗauka.

Injin

A65 inji ne mai sauƙin kai, silinda huɗu biyu na kallon biyu, iska ce take sanyaya shi, yana bada ƙarfinsa a juyi 2300 a minti. Yawancinsu babu sitata babu batir, da hannu ake wulla farfela. Injin da ya yi shekaru a ajiye tsatsa ce matsalarsa, a leƙa cikin silinda, a gwada matsinsa, a buɗe rariyar baƙin mai a ga ko akwai garin ƙarfe. In littafi ya nuna farfela ta taɓa dukan ƙasa to sai an tsaga shi an kai karanshaf, wato babban sandan inji da yake juya farfela, gwajin tsagewa. Wannan ba aikin garejin gida bane, ka kai wa masu lasisi. Salansa ka duba ta da kyau domin a jikinta ake ɗibar ɗumin da yake shiga wajen zama, in ta tsage hayaƙi mai kisa ne zai shigo kuma baya wari. Fetur mai haɗin etanol ka nisance shi, yana cin roba da tiyo na tsofaffin jirage.

Maganeto biyu ne suke bada wuta, kowace silinda fulogi biyu. Abun da zaka sa a ranka shine makullin maganeto kashewa yake ta hanyar haɗa waya da jiki, in wannan ƴar wayar ta tsinke to inji a kunne yake ko da makulli yana kashe. Don haka farfela kullum ka ɗauke ta kamar maciji mai barci. Farfelar katako ce, irin ta Evra ce a kan da yawa, katakonta yana kumbura yana tsukewa da yanayi, don haka ana sake auna ɗaurin kusoshinta lokaci lokaci.

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni ko za'a iya kawo irinsa gida Najeriya. Jiragen koyo na Faransa ba baƙi bane a wajenmu, kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya a da ta daɗe tana koyarwa da jirgin Tampico na kamfanin Socata, amma su na ƙarfe ne. Na katako sai ka yi tunanin iskar hunturu da zata busar da shi kusoshi su saki, damina ta zo ya kumbura, ga rana ga gara. Zai yiwu amma sai da rumfa mai kyau da ido a kai kullum.

Haɗawa da tashin farko

In an mayar da jiki kan fiffike a auna komai da zane, a daidaita jan wayoyi, a ɗaure kowane noti da waya ko fin. Sannan mutum biyu daban daban su duba sitiyari, ka tura sanda dama ka fita ka kalla da idonka wanne ya ɗaga wanne ya sauka, don haɗa wayoyi a juye ya kashe mutane bayan gyara kuma kuskure ne mai sauƙin yi. A ɗora jirgi a kan sikeli uku a daidaita shi a auna, a lissafa inda tsakiyar nauyinsa take, tsohon lissafi ya mutu tunda an canza riga da fenti. A gwada zubowar mai jela a ƙasa hanci a sama da ɗan mai kaɗan a tanki, tunda babu famfo, dole ya zubo fiye da abun da inji yake sha a cikakken wuta da rabi.

Sai a tada inji a ƙasa, an sa waigi a tayoyi, mutum yana ciki. A yi ta yawo a kan titi ana gwada birki, a dawo a buɗe a duba yoyo. In takarda ta fito, tashin farko ba naka bane ko da kai ka yi shekara uku kana shan ƙura, na matuƙin da ya saba da Jodel ne da jirage masu tayar jela, shi kaɗai, da safe iska a kwance, yana zagaye saman filin inda in inji ya yi tari zai iya saukowa. Namu minti 20 ya yi, da ya sauko yace fiffiken hagu yana ɗan nauyi kuma baƙin mai yana ɗiga ta wani murfi, muka koma ciki da sifana.

Bayan awannin farko a sake bin duk kusoshin da suka ratsa katako da na farfela. In za'a ajiye shi a bar farfela a kwance ba a tsaye ba don kar danshi ya taru a kunne ɗaya, a ɗan buɗe murfin gilashi iska ta shiga, a sa wa ɓeraye tarko kusa da tayar jela don ta nan suke hawa, kuma duk wata ka durƙusa da ɗan tsinke ka zungure ramukan ruwan nan ɗaya bayan ɗaya.